Gishirin da Na Ƙara wa Kawu a Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. In na zauna teburin mai shayi a bakin tashar Jega, kafin a zuba mini wani ya ce, "Aku, ba mu labari." In na shiga kasuwar Aliero haka, in na je ɗaurin aure Alelu haka. Ni da aka sani da baki, har aka laƙaba mini sunan tsuntsu, sai na riƙa cewa "lafiya lau" ina kawar da kai, har wasu suka fara raɗe-raɗin ko an ɗaure mini harshe a can. Ba a ɗaure ba. Labarin ne ba ya mini daɗin faɗa, shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Haliru, sana'ata gidan kallo. Yanzu ƙwallo muke nunawa, amma kafin wayoyi su kashe kasuwa ni ke riƙe makirfo ina fassara wa jama'a fina-finan Indiya da na Cana. Ba na jin yaren kowa a cikinsu. Aikina in dubi fuskar mutum in sa masa magana a baki. In fim ya yi sanyi in ƙara gishiri, in bos ya yi tari in ce rantsuwa ya yi zai ƙone gari. Mutane sun san ƙarya nake shirgawa, kuma saboda ita suke zuwa.

Wanda ya jawo tafiyar shi ne Kawu Arzika, yayan mahaifiyata, manomi a Giwa Tazo. A ƙuruciyarsa ya bi motar majigi ƙauye-ƙauye, shi ke ɗaure farin ƙyalle, shi ke korar yara daga bayan inji. A wurinsa na gaji son kallo. 'Yan shekarun nan idonsa ya fara dushewa, muka kai shi asibiti aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma yana kan hanya.

Wata rana abokina Buhari, ɗan kasuwar albasa a Aliero mai yawan shiga Nijar, ya ba ni labari za a yi mako guda ana nuna fina-finan ƙasashe daban-daban a wani babban zaure a Yamai, irin waɗanda masu ƙaramin ƙarfi ke shiryawa da kansu, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Da na je gaida Kawu sai na sako zancen, don hira kawai. Ya murza carbi, can ya ce, "Hali, kai ni."

Na ce, "Kawu, Yamai fa na ce, ba Maiyama ba."

"Na jiya. Tun da anka daina majigi ban sake ganin mutum ya kai girman bango ba. Ina son in gani sau guda kahin a kashe hitilar ga."

Wa zai ji wannan ya ce a'a? Muka sa rana.

Na ɗauko shi a babur daga Giwa Tazo, muka ratsa Maiyama zuwa Jega, muka shiga motar Kamba. Inna, matarsa, ta cika mana gora da fura. Ba mu kai Kalgo ba fura ta kumbura ta ture murfi, ta wanke ƙafar wani mahauci da ke kusa da ni. Mutumin ya yi ta masifa har Bunza, inda Kawu ya ce masa, "Malam, yi haƙuri, wasu kuɗi su ka biya a yi musu wanka da nono." Mota ta ɗauki dariya, mahaucin ma ya dara, kafin mu isa Kamba har ya ba Kawu goro.

A kan iyaka aka sauke mu, muka bi layi da katunanmu na shaida. Ɓangarenmu ba wata matsala. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi katin Kawu, ya duba, ya miƙa masa da ladabi ya ce, "To, mushe, wuce."

Kawu ya tsaya cak. "Mi yac ce? Ni na mushe? Da raina da lahiyata?"

Sai da wani direba ɗan Gaya ya shiga tsakani, ya bayyana masa cewa a can kalmar girmamawa ce daga Faransanci, har malamin makaranta haka suke kiransa. Jandarman ya yi ta ba da haƙuri yana danne dariya. Kawu ya wuce yana girgiza kai, yana cewa ƙasar da ake kiran malami mushe, Allah kaɗai ya san abin da ake kiran ɓarawo.

A Gaya na canza kuɗi, na ba da dami aka ba ni 'yan ganye, na ji kamar an yi mini fashi ina kallo. Muka shiga babbar bas, kowa da kujerarsa, ba a ɗora maka kowa a cinya. A Doso na sayo mana burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi. Kawu ya gatsa, ya ji haƙori na neman tafiya, ya ce in ajiye masa, in tasa sandar ta ɓata ya dogara da wannan.

Buhari ya haɗa mu da fatomansa a Yamai, wato mai masaukin 'yan kasuwa, wani dattijo Bazabarme. Ya ba mu ɗaki a bayan shagon albasa, har yau in na buɗe jakar da na je da ita warin na nan. Hausarsa a karye take amma kirkinsa a miƙe. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce "fofo", wato sannu da Zabarmanci, Kawu ya mayar masa da "fofo" har sau uku don kada a fi shi ladabi. Abincin gidan dambu ne da zogale da ƙuli, sai shinkafa mai jan miya. Kawu ya yaba dambun, amma ya ce miyarsu ba ta san daddawa ba.

Washegari bayan Azahar muka nufi zauren. A ƙofa muka haɗu da wata ma'aikaciyar wurin mai suna Rabi, 'yar Dogon Dutsi. Da ta ji Hausarmu ta ce ai mu 'yan gida ne. Na gaya mata lalurar Kawu, ta kai mu sahun gaba, can gefe, inda ba za mu dami kowa ba.

Ban taɓa ganin gidan kallo irin wannan ba. Sanyi kamar cikin randa, kujeru masu laushi, ba mai gyaɗa, ba mai rake. Da aka kashe fitila wuri ya yi tsit. A wurinmu in bos ya laɓaɓo, ɗaki gaba ɗaya ke ihu "Bayanka! Bayanka!" don a ceci jarumi. A can in ka yi tari sai ka ji kamar ka nemi gafara.

Fim na farko daga wata ƙasa mai sanyi ne, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Allo ya haska, ƙato, ya fi bangon masallacin unguwarmu. Na juya na dubi Kawu, na ga ya karkato gaba yana ƙifta ido, bakinsa a ɗan buɗe. Can ya kamo hannuna ya ce a hankali, "Hali, haske ni ka gani, da inuwa tana wucewa. Ban iya rarrabewa. Hwaɗa mani abin da ka gani."

Ashe idon ya fi yadda yake nuna mana lalacewa. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Wani mutum ne mai gemu, yana gyaran jirgin ruwa."

Ya gyaɗa kai. Muka zauna. Mutumin nan ya buga ƙusa, ya shafa katako, ya tsaya yana duban ruwa. Ba waƙa, ba rawa, ba mai magana. Har ya fita daga ɗaki, kyamara ta tsaya tana kallon ƙofar da ya rufe, kamar mai ɗaukar ya tafi alwala ya manta da ita.

Kawu ya ce, "Har yanzu gyaran shi kai?"

Na ce, "Har yanzu."

A nan kunya ta kama ni. Na ɗauko tsoho daga gonarsa, na ƙetare da shi iyaka, ga ido na ƙarewa, in ce masa abin da ya zo gani shi ne wani ƙato na buga ƙusa? Sai bakina ya koma aikin da ya saba. Na ce, "Kawu, ashe jirgin nan na gudu ne. Ana nemansa, ya kashe ɗan sarki." Daga nan hanya ta buɗe. Iska ta kaɗa ƙofa na ce maƙiya ne suka iso. Kare ya yi haushi na ce an gano shi. Kawu bai ce komai ba, sai "uhum" jefi-jefi. Na ɗauka daɗi yake ji.

Kwana na biyu aka nuna wani daga wata ƙasar Afirka. Mutane ne a bakin hanya suna jiran mota, motar ba ta zo ba. Shi ke nan fim ɗin. Zan faɗi gaskiya, duk da ina ta zuba wa Kawu labarin 'yan fashi, wasu abubuwa sun shige mini ido. Fuskokin mutanen ba hoda, ba kwalliya. An nuna diddigen wata mata duk faso, irin na iyayenmu masu zuwa gona, aka daɗe a kansa. Wani tsoho ya raba ɗan guntun rogo da mutumin da suka gama zagin juna. Na sha ganin irin wannan a tashar Jega ban taɓa tsammanin abin nunawa ba ne. Ana cikin jiran nan kawai sai sunaye suka fara hawa. Na ji haushi ƙwarai. Da a gidan kallona ne, da takalma sun tashi sama.

Abin mamaki, ba wanda ya miƙe. Suka zauna suna karanta sunayen har na ƙarshe, sannan suka tafa. Sai ga mai fim ɗin da kansa ya fito gaba, siririn mutum da jakar goyo da takalmi da ya sha duniya. Wani ya yi masa tambaya da Faransanci, ya ba da amsa aka yi dariya. Na tambayi Rabi, ta ce an ce masa motar ta zo daga baya ko ba ta zo ba, ya ce shi ma bai sani ba, don da ya baro wurin suna nan suna jira. Bayan an tashi na gan shi a waje yana cin burodi da wake a tsaye, shi kaɗai. A wurinmu ko wanda ya fito a ɗan aike sai ka ga ana bin sa ana ɗaukar hoto.

A hanyar masauki na tambayi Kawu ya ya ji fim ɗin yau. Ya ce, "Hali zanen dutse." Na ɗauka wasa yake da sunana kamar yadda ya saba, na yi dariya.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe gare mu. Fim ɗin daga wata ƙasa mai duwatsu ne, ko sunansa ban iya karantawa ba, rubutunsu kamar sawun kaji. Wata tsohuwa ce ita kaɗai a gida da awakinta. Kullum sai ta dafa abinci, ta rufe a kwano, ta hau dutse da shi tana nishi, ta ajiye a kan wani falalen dutse, ta zauna, ta sauko. Washegari ta sake. Ba abin da ake ji sai ƙararrawar wuyan awaki, da iska, da numfashinta.

Na ce a raina yau ne na ƙarshe, bari in ba Kawu abin da zai riƙe. Na juya gaba ɗaya na ba allo ƙeya, na sa baki a kunnensa. Na ce 'yan bindiga sun kama ɗanta, abincin nasu ne. Na ce ta ɓoye bindiga a ƙarƙashin kwano. Na ƙirƙiro bos mai ido ɗaya, na ba shi yara, na ba shi doki. Idona na kan fuskar Kawu ina neman murmushi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba.

Kwatsam sai na ji zauren gaba ɗaya ya ja numfashi lokaci guda, irin wanda ake ja in an faɗi rasuwa a taro. Wata Baturiya a bayanmu ta sa hannu ta toshe baki. Wani ƙato a gefenmu ya cire tabarau yana share ido. Kawu ya damƙi gwiwata ya ce, "Mi na na? Hali, mi anka nuna?"

Na waiwaya. Allo ya riga ya yi baƙi, sunaye sun fara hawa.

Na ce, "Ta harbe bos ɗin."

Ya saki gwiwata a hankali, ya mayar da hannunsa kan sandarsa.

Da muka fito na so in tari wani in tambaya, amma kowa Faransanci yake yi, kuma Kawu na riƙe da hannuna, in na tambaya a gabansa na tona kaina. Muka yi sallama da Rabi, ta ba Kawu kilishi ya kai wa Inna. Da safe fatoma ya raka mu tasha.

Sai a Gaya, muna zaune a inuwar wata rumfa muna jiran motar Kamba ta cika, Kawu ya ce, "Hali, ba a yi harbi cikin fim ɗin nan ba."

Ya matso kusa da ni, ya ci gaba.

"Ido na ya tahi, ba kunne ba. Na ji awaki, na ji iska, na ji tsohuwa tana hawan dutse, gwiwa tana yi mata ciwo kamar tawa. Ban ji bindiga ba ko guda. Mai jirgin nan ma ba wanda ka biɗa tai. Da nit tambaye ka har yanzu gyara shi kai, ba gajiya niy yi ba. Daɗi nij ji. Na san aikin da mutum ka yi shi ɗai, ba mai kallo nai."

Na ce, "Kawu, tsoro na ji kada ka ce na kawo ka banza. Me ya sa ba ka tsayar da ni ba?"

"Na tsai da kai ranar da nic ce Hali zanen dutse, ba ka gane ba. Kuma ka yi ɗawainiya da ni, ban son in kunyata ka cikin baƙi. Na ce wata ƙila gobe ka gaji." Ya gyara zama. "Lokacin majigi mu ma muna da mai magana, ya hi ka ƙarya nesa. Amma in ya ƙara gishiri dariya mu kai, don ga hoton nan gabanmu, kowa na dibi da ido nai. Ni kau ban da wani ido cikin ɗakin nan in ba kai ba."

Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi haka ba. Bai ɗaga murya ba, bai yi fushi ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi.

Can ya ce, "To, ya wuce. Yanzu hwaɗa mani tsakaninka da Allah. Sa'ad da mutane sunka ja numhwashi, mi tsohuwar nan tay yi? Wa ta ka kai ma abincin?"

Na ce, "Ban gani ba, Kawu. Kai nake kallo."

Kwandasta ya fara kiran 'yan Kamba, Kawu ya miƙo mini hannu na tashe shi.

Na yi ƙoƙari daga baya. Na sa Buhari ya nemi Rabi, ta ce a lokacin tana bakin ƙofa, ba ta kalla ba, kuma masu fim ɗin sun tattara sun koma ƙasarsu. Na yi ta lalube a waya, amma ya za ka nemi abin da ba ka san sunansa ba? Idon Kawu kuwa, kafin damina ta faɗi ko hasken ma ya daina gani.

Ranar da muka dawo, la'asar sakaliya na shiga da shi Giwa Tazo a babur. Kafin in tsaya jikokinsa da maƙwabta sun kewaye mu, Inna na leƙe daga zaure. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, kowa na sannu da zuwa. Wani dattijo abokinsa, wanda suka yi zamanin majigi tare, ya matso ya ce, "To Arzika, gani ya kori ji. Mi kag gano muna?"

Kawu ya sha ruwa, ya ajiye kwanon a hankali, ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Ku tambayi Hali," in ji shi. "Shi ad da ido."

Duk suka juyo gare ni, yara har da gyara zama, don sun san Aku ba ya rasa labari. Na ce musu babur ɗin na aro ne, zan mayar kafin Magariba.